Furen da Aka Riga Ta Raɗa wa Suna

Auta na cikin ɗaure wani reshe a jikin tsinke a rumfarta ta kasuwar furanni, sai wata mata mai ƙawata ɗakunan taro ta tsaya, ta nuna tukwanen layin gaba da mukullin motarta.

"Ashe ke ma kin samo Farin Wata? Ware mini guda goma."

"Farin me?"

"Farin Wata mana. Wannan furen okid ɗin mai ruwan ɗorawa da jan leɓe."

Auta ta yi murmushi. "Hajiya, wannan ba shi da suna tukuna. Ni na haɗa iyayensa da hannuna."

"Ikon Allah! To ai makon jiya na gan shi cike da zauren otal ɗin Farin Wata, kowace tukunya da sunan a jiki. Wurin yayanki suka saya. Manajan sai cika baki yake yi, wai an yi rajista, duk duniya da sunan otal ɗinsu za a riƙa kiransa."

Tsinken ya karye a hannun Auta. Ba ta ma san lokacin da matar ta gaji da jiran amsa ta wuce ba.

Sana'ar okid tana da wata ƙa'ida da Babansu ya cusa musu tun suna yara, ita da Yaya. Idan ka ɗauko ƙwayar wannan fure da tsinke ka ɗora wa wancan, duk 'ya'yan da suka fito daga wannan uwa da wannan uba suna ɗaya suke ci, ko wa ya haɗa su, ko a wace ƙasa. Wanda ya riga kai hoton furen ofishin rajista shi ne mai raɗa suna, ofishin kuwa guda ne a duniya, yana can ƙasar waje. Masana sukan wayi gari su ce wancan fure ba ɗan dangin Leliya ba ne, ɗan Katiliya ne, a yi ta kankare rubutu a jikin tukwane Baba yana tsine musu. Amma sunan da mai rajista ya raɗa, wannan ko masanan ba sa taɓa shi.

Shi wannan furen kuwa da mai shi. Inna, mahaifiyarsu, ta daɗe tana mitar cewa jikokinta duk maza ne, za ta mutu ba ta ga takwara ba. Auta, wadda ta haura arba'in ana kiranta Auta, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma mitar nan tana sukarta fiye da yadda Inna ta sani. Ranar da ta haɗa iyayen furen nan biyu, shekara shida ke nan, ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, na samo miki takwara, sai dai za ta daɗe ba ta yi magana ba." Inna ta yi dariya har da hawaye. Tun daga ranar ba ta ganin Auta ba ta tambayi lafiyar takwararta ba.

Auta ta ce wa maƙwabcinta mai sayar da taki ya duba mata rumfa, ta faɗa bas ɗin farko da ta gani. A hanya ta yi ta lissafa abin da ta yi wa kanta. Ita ce, da iska ta yaye rufin lambun Yaya rana ta ƙone masa kaya, ta ɗauki faranti guda na ƙananan tsiron nan ta kai masa, wai kada ya zauna hannu rabbana. Ita ce kuma, da nata suka fara buɗewa, ta ƙi ɗaukar hoto, tana jiran wanda ya fi kowane kyau, don ba ta so sunan Inna ya tafi ƙasar waje a jikin fure mai karkataccen leɓe. Farin Wata! Furen da ko ɗigon fari babu a jikinsa. Ta ja tsaki da ƙarfi har mutumin da ke kusa da ita ya janye ƙafarsa yana ba ta haƙuri, shi da bai taka ta ba.

Ta sami Yaya a lambun da ke bayan gidansu na gado, ƙarƙashin sabuwar rumfar raga, yana ba da ruwa da tiyo. Yana ganin yadda take tahowa ya sha jinin jikinsa, amma ya daure ya washe baki.

"Autar Inna! Yau babu kasuwa ne?"

"Mene ne Farin Wata?"

Ya juya ya ci gaba da fesa wa wata tukunya da ta riga ta jiƙe sharkaf. "Dama ina so in zo mu zauna."

"Ga ni na zo. Ba sai mun zauna ba."

"Ki sassauta murya, akwai ma'aikata."

"Su ji! Su san wanda suke yi wa aiki. Tsiron da na kawo maka da hannuna, Yaya? Da na bar ka da ƙonannun tukwanenka, da yanzu ina da abina!"

"Naki sun yi wata nawa a buɗe kina zaune kina zaɓen hoto?" Shi ma muryarsa ta fara hawa. "Iyayen nan mu kaɗai muke da su a duniya? In ban kai ba, wani can da ba mu taɓa gani ba zai kai, ya sa sunan karensa. Mutanen otal suka ce in na sa sunansu, furen zaurensu duka a wurina za su riƙa ɗauka. Ina da ma'aikata, ina da yara a makaranta, ga maganin Inna. In ce musu a'a, ƙanwata ba ta gama zaɓen hoto ba?"

"Ai da ka ɗaga waya ka tambaye ni."

"Da kin yarda?"

"Da ban yarda ba!"

"To kin gani."

Wannan amsar ta kusa sa ta ɗauki tukunya ta rotsa masa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, ko a jikinsa, kamar wanda ya ari tsintsiya bai mayar ba. Ta matsa kusa har ruwan tiyon yana taɓa mata takalmi.

"A ofishin rajista suna tambayar wanda ya haɗa iyayen. Wa ka ce musu?"

Yaya ya karkatar da tiyon kan wata tukunya.

"Wa ka ce?"

"Ni."

"Madalla. Kai da ko tsinken ba ka iya riƙewa ba sai hannunka ya yi rawa. Baba ma ya sani, shi ya sa yake aikenka ɗibar taki."

Maganar ta same shi, ta ga yadda fuskarsa ta canza, kuma ba ta yi da-na-sani ba. Ya ajiye tiyon a ƙasa bai rufe famfon ba, ya goge hannunsa a riga.

"Saurara. Ƙa'ida ta yarda ki zaɓi guda ɗaya da ya fi kyau cikin naki, ki ƙara masa suna na musamman a ƙarshe. Ki sa na Inna. Ni zan taya ki aikawa."

"A ƙarshe? Farin Wata a gaba, Inna tana biye kamar wutsiya? Uwar da ta haife ka ce za ta bi bayan otal?" Ta gyara mayafinta. "Bari in shiga in gaya mata da bakina abin da aka yi da takwararta."

Nan take Yaya ya rikice. Ya sha gabanta, ya buɗe hannuwa kamar mai tare akuya.

"Auta, don Allah kada ki shiga yanzu. Tsaya in gaya miki wani abu."

"Ka gama gaya mini."

"Don girman Allah, ki tsaya!"

Ta ture hannunsa ta wuce. Ta ɗauka tsoron faɗan Inna yake ji, hakan ma ya yi mata daɗi.

Ɗakin Inna yana nan yadda yake, warin man zafi, rediyo a kan matashi, kwalaben maganin ido jere a kan tebur. Inna na zaune bakin gado kusa da taga. Yanar ido ta ci ƙarfinta shekarun nan, sai inuwa da launi take gani, karatun boko kuwa dama ba ta taɓa yi ba. A kan tagar, cikin wata sabuwar tukunya mai sheƙi, ga furen nan ya buɗe fes, da ɗan farin allo a soke a gindinsa.

"Wa nake ji kamar Auta? Shigo, shigo, 'yar albarka!" Inna ta miƙo hannu biyu. "Ke da ba kya iya ɓoye magana, yau kin iya. Sai da yayanki ya kawo mini ita ya ce kin cika alkawari, kin aika can ƙasar waje an rubuta, an buga hatimi. Kin ga takwarata? Ni nake ba ta ruwa da cokali, ban yarda kowa ya taɓa ta ba."

Auta ta tsaya cak. Maganar da ta ɗauko tun daga kasuwa, ta jera ta ɗaya bayan ɗaya a cikin bas, ta bi iska. Ta waiwaya. Yaya na tsaye a bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru, ƙafar wandonsa a jiƙe. Ashe bai tsaya kan suna ba, har alkawarin nata ya ɗauko ya cika da ƙarya, ya kuma rataya mata.

"Duk wanda ya shigo sai na nuna masa," Inna ta ci gaba. "Na ce wa yaran nan su karanta mini, sai su ce ubansu ya hana, wai ke ce mai karantawa. Ai kuwa ya yi gaskiya." Ta laluba ta zare allon daga tukunyar, ta goge ƙasar da gefen zanenta, ta danƙa wa Auta. "Karanta mini. Daga bakinki nake so in ji."

Rubutun Yaya ne, manyan haruffa, baƙar tawada: Farin Wata. Auta ta riƙe allon tana kallon rubutun cike da haushi. Kalma biyu ce kawai, in ta faɗe su ta huce, Yaya ya ga ta kansa. Ta ɗaga kai ta dubi Inna, wadda ta karkato kunne, bakinta a ɗan buɗe, ta riga ta fara murmushi.

Auta ta faɗi sunan mahaifiyarta, sunan yanka, wanda ba ta taɓa furtawa a gaban mai shi ba tun da aka haife ta.

Inna ta rufe baki tana dariya, ta kai mata duka a cinya. "Ja'ira! Gatsal haka, ko kunya babu?" Ta share ido da bayan hannu. "To alhamdu lillahi. Yanzu duk wanda ya zo saye haka zai ce?"

"Haka zai ce, Inna."

"Kai, duniya! To gobe ina so a kai ni rumfar taki. In zauna daga ciki, ba wanda zai san ni ce, in ji yadda masu saye suke kirana."

Auta ta mayar da allon gindin furen, ta danna shi har ƙasa ta rufe rabin rubutun. Ta ce wa Inna ta bar rumfa a hannun mutane, sai ta koma. A bakin ƙofa Yaya ya matsa ya ba ta hanya, ya buɗe baki zai yi godiya. Ta tsaya daidai kunnensa, ta yi ƙasa da murya yadda Inna ba za ta ji ba.

"Da safe nake buɗewa. Kai za ka kawo ta, kuma kai za ka zauna kusa da ita."