Tukwanen Inna

Duk shekara, ana saura mako guda a koma makaranta, malaman yankin kan taru a makarantar su Auta domin taron ƙara wa juna sani. Sunansa ke nan a takarda. Amma kowa ya san abin da ke cika ɗakin taron maƙil ba jawabin jami'in ilimi ba ne, abincin rana ne. Malamai ne wajen ɗari biyu, kowa da leda a naɗe cikin jaka, don malami ba ya cin abincin taro ya manta da yaran da ya baro a gida.

Tun Auta tana goye, mahaifiyarta ce ke dafa abincin nan. Duk malaman Inna suke ce mata, har waɗanda suka kusa kai ta shekaru. Da kuɗin girkin nan ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi ta kai Auta makaranta har ta zama malama a makarantar da ake taron. Inna tana da manyan tukwane waɗanda yaro zai shige ciki ya ɓuya, kuma kuɗin da take karɓa bai taka kara ya karya ba. In an gama ci, sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin taro da zaninta mai warin hayaƙi tana tambayar kowa, “Kun ƙoshi?”

To, bara aka samu matsala. Inna ta zuba gishiri a miya, ta je duba shinkafa, ta dawo ta sake zubawa, can kuma ta ƙara. Matan da ke taya ta sun gani, amma wa ya isa ya riƙe hannun Inna a bakin tukunyarta? Malamai suka ci suna kora ruwa, ledoji suka koma gida yadda suka zo. Da ta tsaya a ƙofa tana tambaya, kowa ya ce, “Mun ƙoshi, Inna, sannu da aiki.” Auta ce ta ja tukunyar miyar bayan ajujuwa ta juye saura a rami, tana yi tana share hawaye, don kada Inna ta ga a karon farko an bar mata abinci. Har yau Inna ba ta sani ba, kuma Auta ta ƙudura a ranta ba za ta taɓa sani ba.

Bana shugaban makaranta ya kira Auta ofishinsa. Mutum ne mai kunya, sai da ya gyara tarin takardun da ba su buƙatar gyara kafin ya buɗe baki.

“Malama, ya jikin Inna?”

“Da sauƙi, ranka ya daɗe. Mantuwar ce dai.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Kin san yadda muke da ita. Amma bana har da baƙi daga ofishin ilimi, kuma kwamiti ya ce...” Ya kasa ƙarasawa.

“Na gane,” in ji Auta. “A bar mini, ni zan nemo wata.”

Ta karɓi aikin ne don kada ya faɗa hannun wani mai surutu labari ya kai gida. Shugaba ya ji daɗi, ya miƙo mata ambulan. Abin da ke ciki daidai abin da ake bai wa Inna ne, ko ƙwandala ba a ƙara ba.

Da ta koma gida da yamma, sai ta tarar Inna ta riga ta sa an fito da tukwanen daga ɗakin ajiya, an jera su a tsakar gida. Tana zaune a ƙaramar kujera tana dirzar gindin babbar da soson ƙarfe. Abin haushi, matar da kan manta ko ta karya kumallo, ba ta manta lokacin taron ba.

“Auta, ba su aiko ba har yanzu? Albasa fa tana ta tashi.”

Auta ta ajiye jakarta, ta tsaya tana cire takalmi a hankali don kada su haɗa ido. “Inna, bana an fasa taron. Wai babu kuɗi.”

Inna ta dakata da dirzar. “An fasa? Ikon Allah. To yaran nan a ina za su ga juna?” Yaran nan take ce wa malamai, har da masu furfura. Ta ci gaba da aikinta. “Bari dai in ƙarasa, tunda na fara. Allah ya kai mu baɗi.”

Saboda wannan “baɗi”, ranar Auta ko abinci ba ta iya ci ba.

Washegari ta shiga gari nema, kuma ta sha wuya. Ta fara da wani otal mai ƙofar gilashi, inda wata yarinya mai dogayen farce ta nuna mata farashin faranti guda. Auta ta yi lissafi a ka, ta ga ambulan ɗinta ba zai ciyar da ko layin gaba ba, ta ce za ta dawo. Ta je wurin masu girkin biki, mai wurin ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya.

“Malama, mutane za a ciyar ko tsuntsaye? Wa ke yi muku a haka?”

“Wata ce.”

“To ki koma wurinta ki riƙe ta hannu bibbiyu. Wannan ba sana'a take yi ba, so take yi muku.”

Auta ta fito tana jin kamar ta zauna a bakin titi. Wata mai girkin ta ce za ta yi amma babu nama, kuma Auta ta san malamai: mutanen da suka saba riƙe jan biro ba sa barin kuskure ya wuce, za su yi shekara suna maganar. Wata ta yarda, amma da Auta ta leƙa kicin ɗinta ta ga ƙudaje sun yi taro a kan katakon yanka, sai ta yi sallama. Masu girkin unguwarsu kuwa ba ta ko kusance su ba, don duk sun san Inna, kafin ta iso gida labari ya riga ta.

Sai a can ƙarshen gari, bayan tashar mota, ta samu wani ƙaramin shago mai bencuna biyu. Mai shagon matashiya ce mai tsafta, da goyo a bayanta, ba ta daɗe da fara sana'ar ba. Auta ta sayi faranti guda ta ɗanɗana. Wallahi abincin ya yi daɗi, kuma daɗin ya ba ta haushi.

Suka zauna ciniki. Auta a aji ba ta da faɗa, amma ranar ta zama wata iri. Ta sa aka cire lemo, ruwa ya isa. Ta ce a bar robobin zuba abinci, makaranta tana da farantai. Ta ce a rage girman yankan kaza. Mai shago tana ta cewa “to,” don aikin mutum ɗari biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai bencuna biyu. Duk da haka kuɗin bai kai ba.

“Saura hayar tukwane, Malama,” in ji mai shago. “Nawa ƙanana ne, dole in ɗauko manya a wurin masu haya, kuma suna da tsada.”

“Haba, sai kin yi haya? Ku masu girki ba kwa ara wa juna? Ki yi tambaya mana, ba za a rasa mai ba ki aro ba.”

Mai shago ta gyara goyonta, ta yi tunani. “To, zan tambayi matan kasuwa. In na samu, mun daidaita.”

Auta ta hau mota tana jin ta yi dabara. Ita da ta tashi a gidan girki, ta fi kowa sanin yadda aron tukunya ke tafiya: mai nema ta tambayi mai albasa, mai albasa ta tambayi mai niƙa, har a kai ga gidan da tukwane ke zaune ba aiki. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta gida nawa ne a garin ke da tukwane masu girman nan ba.

Ana gobe taro, ta yini a makaranta suna jera kujeru. Da la'asar ta shawo kwanar layinsu, sai ta hango motar ɗaukar kaya a ƙofar gidansu, direba yana tura babbar tukunyar Inna ciki. Ta ƙara sauri. Ta shiga, ga mai shago durƙushe a gaban Inna tana zuba godiya.

Mai shago ta waiwayo, fuskarta ta washe. “Lah, Malama! Me kike yi a nan? Ai kin ga na samu. Mai niƙa ce ta kwatanta mini gidan. Yanzu nake gaya wa Mama taronku na gobe ne, na malamai.” Sai ta dubi Auta, ta dubi tsohuwar, murmushinta ya fara dusashewa. “Ko... nan ne gidanku?”

Inna tana zaune a kujerarta, hannayenta a kan gwiwa. Ta dubi 'yarta kallo guda, ba na faɗa ba, sannan ta juya ga baƙuwar.

“'Yata ce, autata,” in ji Inna. “Ni na ce ta nemo mai jini a jika, ƙafafuna sun gaji da tsayuwa. Ashe ke ta samo. Ta iya zaɓe.”

Kai, da Inna ta zage ta a gaban baƙuwar da ya fi mata sauƙi. Auta ta jingina da bango, tana ji Inna na yi wa mai shago bayani dalla-dalla, kamar ba ita ce mai mantuwa ba: tukunya ta tsakiyar nan tana kamu ta gefe guda, a riƙa juya ta a kan wuta, marfin babbar ba ya zama sai an ɗora dutse, malaman lissafi su ke fara zuwa layi, kuma sukan dawo, kada a zuba musu da yawa a zagayen farko. Har ludayinta mai dogon hannu ta sa aka ɗauko ta haɗa mata.

Da motar ta tafi, tsakar gidan ya yi faɗi. Inda tukwanen suka zauna duk ya bar zagayen shaida a siminti. Auta ta durƙusa kusa da kujerar.

“Inna...”

“Tashi ki cire kayan makaranta, za ki ɓata su,” in ji Inna. Ta miƙe da kyar ta shige ɗaki.

Taro ya yi kyau, ba a cewa komai. Abinci ya isa, baƙin ofishin ilimi sun yaba, ledoji sun fito daga jakunkuna sun koma da nauyi. Shugaba ya yi wa Auta godiya a lasifika aka tafa mata. Wasu tsofaffin malamai sun ɗan rage tafiya a bakin ƙofa lokacin fita, kamar masu jiran a tambaye su wani abu, sannan suka wuce. Auta ba ta ci nata ba. Mai shago ta rufe mata shi a kwano ta cusa mata a jaka, ta ce a gaida Mama. Sau biyu a hanya Auta ta yi niyyar bayar da shi, ta kasa.

Ta tarar da Inna a tsakar gida. Ta yi wanka, ta ɗaura zanin da takan ɗaura ranar taro, tana zaune tana fuskantar ƙofa.

“Sun ƙoshi?”

“Sun ƙoshi, Inna.”

“Madalla. Ina nawa? Kada ki ce mini malama ta dawo daga taro hannu rabbana.”

Auta ta fito da kwanon, ta kawo cokali da ruwa. Inna ta buɗe, ta shinshina, ta kai loma guda. Ta daɗe tana taunawa. Ta sake kai ta biyu.

“Gishirinta ya yi daidai,” ta ce. Ta ajiye cokalin. “Bara nawa ya yi yawa ko?”

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan siket ɗinta.

“Na so in gane. Ban ga kowa ya fita da leda ba.” Inna ta rufe kwanon a hankali. “Da kin gaya mini, Auta. Da ni zan nemo muku ita, kuma da ba ki wahalar da yarinyar mutane a ciniki ba.”

“Ki yafe mini, Inna.”

“Ba ki yi mini komai ba. Yaushe ta ce za ta dawo da tukwanen?”

“Gobe da safe.”

“Kira ta ki ce ta bar su a wurinta. Kada ta ɓata kuɗin mota.” Inna ta miƙa hannu ta jawo tsintsiyar da ke jingine da bango, ta fara share zagayen da ya fi kusa da ƙafarta. “Ludayin kawai za ta aiko mini. Na mahaifiyata ne.”