Kanel Ba Ya Cewa An Gode

A shekarar da Sakinatu za ta gama jami'a, gab da shiga shekara ta dubu biyu, ɗakin kakarta Iya Batulu da ke Limancin Kona ya zama ofis. Aka matsar da jeren kwanonin Iya gefe, aka ɗora kwamfuta a kan teburin fitila. Ta Kawu Mustapha ce, aronta ya ba yarinyar. Iya har mayafi ta ɗinka wa kwamfutar, wai kada ƙura ta shiga mata ido.

Ranar Litinin Sakinatu za ta nuna wa malaminta, Malam Jibril, aikinta na kammala karatu. In ya yi, ta fita tare da 'yan ajinsu. In bai yi ba, sai baɗi, ƙawaye su tafi bautar ƙasa su bar ta. Ga shi kuma Asabar ta yi, abu ya ƙi.

A cikin kwamfutar akwai wani babban furogiram da ake kira kanel, shi ne maigida. Shi kaɗai ke taɓa katin da ake soka wa wayar sadarwa. Sauran furogiram ba su shiga masa ciki, iyakarsu zaure, su miƙa saƙo. Furogiram ɗin da Sakinatu ta rubuta aikinsa ɗaya ne: ya aika wa kanel cewa ya sa wa katin adireshi kaza, ya jira amsa, sa'an nan ya rubuta a allo cewa an yi. To yana aikawa sai ya tsaya cak. Amsa ba ta zuwa. Sakinatu ta jira ta gaji, ta kashe kwamfutar, ta kunna, ta sake. Haka aka kwashe kwanaki.

Iya ta leƙo da ludayi a hannu, ta ce, "Ƙawata, har yanzu mijin naki bai yi magana ba?"

"Iya, in mijina ne wannan da tuni na koma gidanmu."

"Ko kin yi masa sallama kuwa? Ku 'yan boko sai ku faɗa wa mutum ba gaisuwa."

"Na yi masa duk abin da ake yi. Sunan saƙon, tsawonsa, lambarsa, ba abin da na bari."

"To mara tarbiyya ne. Tashi ki kai wa Bahago fate tun da zafinsa. Idonki ma ya huta."

Bahago ƙanen marigayi mijin Iya ne, tsohon maɗinkin manyan riguna, yana zaune shi kaɗai wajen Ƙofar Jatau. Duk ranar da aka yi faten tsaki da yakuwa a gidan, sai an kai masa nasa. Sakinatu ta sake aika saƙon nata, furogiram ya tsaya yadda ya saba. Ta kai hannu za ta kashe, Iya ta ce faten na hucewa. Ta bar kwamfutar a kunne, ta yafa gyale, ta ɗauki kwano.

Ta tarar da Bahago a zaure, ya shimfiɗa riga a gwiwa, allura a hannun hagu. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya juye faten a nasa kwanon, ya ɗanɗana, ya tura mata nata. Ya koma kan ɗinkinsa.

Sakinatu ta tsaya riƙe da kwano. A gidansu tun tana ƙarama ba a taɓa aikenta ta dawo baki rufe ba. Ko barkono ta kai wa maƙwabta, sai an ce ta ce an gode, a gaida Iya, Allah ya bar zumunci. Ba ta ma san jira take yi ba sai da Bahago ya ɗago kai.

"Lafiya, 'yar boko? Ko kwanon ya yi miki nauyi?"

"Baba, saƙon da zan kai wa Iya nake jira."

"Ta ce ki taho da amsa?"

"A'a."

"To me zan ce? An kawo, na karɓa. Da gishiri ya yi yawa ai da kin ji bakina tun kafin ki miƙe."

Sakinatu ta dube shi, ta dubi kwanon. Sai dariya ta kama ta, har ta dafa bango.

"Baba, ashe kai ne a cikin kwamfutar."

"Ni ban shiga kayan kowa ba," in ji Bahago, yana zura zare.

Ba ta san yadda ta ratsa lungunan nan ta iso gida ba. Ta wuce Iya a tsakar gida, ta zauna gaban allo. Furogiram na nan tsaye yana jira. Ta bar shi, ta buɗe wani gefen allon, ta tambayi kwamfutar adireshin da ke kan katin. Ga shi nan raɗau, wanda ta aika. Kanel ya karɓi saƙo ya yi aiki tun ɗazu, bai dai ce komai ba, don ba a ce ya ce ba. Kuma duk kashewar da take yi, ita ke share aikin da hannunta kafin ta gani.

Ta duba bayanin yadda ake tsara saƙon, ta samu 'yar alamar da ake ƙarawa a kansa, mai nufin ana jiran amsa. Ta ƙara, ta aika. Kafin ta ɗauke yatsa amsa ta dawo. Ita ma ba godiya ba ce. Abin da kanel ya ce kawai shi ne babu kuskure.

Iya ta shigo tana goge hannu. "Ya yi magana?"

"Ya yi, Iya. Dangin Baba Bahago ne. Sai an roƙa."

"Ai da kin tambaye ni. Wannan zuri'ar na aura, na san su."

Ranar Litinin Malam Jibril ya sa ta maimaita a gabansa, ya canza adireshin da kansa, ya ba da wani na banza don ya ga ko kanel zai yi ƙorafi. Ya yi kuwa, nan take. Malam ya sa hannu, ya ce ta je ta fara neman takalmin bautar ƙasa.

Da ta dawo, Iya ta sake dama fate, har da man shanu a kai. Ta miƙa mata kwanon Bahago, ta ce, "Wannan karon ki ce masa ina jiran amsa."

Sakinatu ta kai, ta faɗa. Bahago ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, ya daɗe yana kallon ludayin.

Ya ce, "Ki ce mata babu laifi."