Hatimi na Tara a Fadar Osaka

Shekara hamsin da huɗu ina zaune a Osaka, amma ban taɓa shiga fadar garin ba. Kullum nakan hango koren rufinta ta tagar jirgin ƙasa in zan tafi ofis, na ɗauka wannan ma ziyara ce.

Sai ga 'yata Natsumi da labarin cewa mahaifin saurayinta, Adachi-san, manomin kankana daga yankin Tottori, zai zo ranar Asabar. Bai amince da auren ba tukuna. A ganinsa mutanen Osaka baki ne kawai, ba su da tushe.

"Baba, kai za ka zagaya da shi gari. Don Allah ban da barkwancin nan naka."

"Wannan?" in ji matata Tomiko. "Shi da bai san ko'ina ba sai ofis da shagon taliya?"

Kwana uku ina haddace littafin 'yan yawon buɗe ido a banɗaki.

Adachi-san ɗan guntun tsoho ne wanda rana ta gasa. Muka yi ta rusuna wa juna a tasha har muka tare wa mutane hanya. Muna isa ƙofar fada, haddar ta watse, sai na koma ga abin da na iya.

"Dutsen nan da kake gani, mutum dubu uku ne suka jawo shi."

"Haka ne?" Ya rusuna wa dutsen.

Da na ga kasuwa ta karɓa, sai na ƙara gishiri. Na ce matakalar nan mayaƙa sun taka ta shekara ɗari huɗu da suka wuce, don haka ɗan asalin Osaka ba ya hawa sai da ƙafa. Hawa takwas ne. A na huɗu numfashina ya fara fito. A na shida, tsoho ɗan shekara saba'in ne yake riƙe mini kwat. Da muka kai sama na nuna masa wasu duwatsu na ce can ne birnin Kobe yake.

"Haka ne?"

Da muka sauko, ya tsaya a teburin da baƙi suke buga hatimin tunawa. Ya zaro wani tsohon littafi yana neman shafin da ba komai. Na leƙa. Hatimin fadar ne shafi bayan shafi, kowanne da kwanan wata. Na ƙirga takwas.

"Adachi-san, ashe ka taɓa zuwa?"

"Kaɗan-kaɗan. Ƙungiyar manoma ke kawo mu bayan girbi." Ya danna na tara a hankali, ya hura shi. "Amma ban taɓa hawa da ƙafa ba. Mu lif muke shiga."

Da la'asar, ina kwance Tomiko tana manna mini magani a gwiwa, Natsumi ta kira.

"Baba, ya amince!"

"Me ya ce a kaina?"

"Ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya wahala haka don 'yarsa ba. Kuma wai Kobe tana ɗaya ɓangaren."

Tomiko ta zaro takardar da aka ba mu a ƙofa daga aljihun kwat ɗina, ta sa tabarau, ta karanta mini. A shekarar 1931 aka yi ginin, da siminti.