Maɗacin da Ba Ya Cikin Taswira

Bas ɗin ta sake faɗawa rami, Mai Amya ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya damƙe ƙarfen kujerar gabansa. Auta, 'yarsa, ba ta ko waiwaye shi ba. Tun da suka baro bakin daji da sassafe take rungume da jakar takardun ƙungiya, fuskarta a wajen taga.

"Har yanzu fushin ne?" in ji shi.

"Ni na isa in yi fushi da kai, Baba? Mamaki dai nake yi. Ma'aikacin nan ya zo da na'urarsa, ya ce kowa ya nuna inda yake samun abincinsa. Ka ja shi ka kai shi gindin busasshen itace a bakin hanya, ka ce masa nan ne."

"Akwai zuma a cikinsa."

"Yaushe?"

"Da," ya ce, ya gyara zama.

Bara ne hukumar gandun daji ta raba dajin gida biyu. Inda mutanen ƙauye suke ɗiban zuma da ƙaro da 'ya'yan itace da saiwoyin magani, aka ce za a bar musu, a ba su takarda, ba mai sa gatari. Sauran kuma a ba masu katako. Auta ce sakatariyar ƙungiyar masu zuma, ita ta bi gida gida tana roƙon mutane su fito su nuna wurarensu. A lokacin ƙungiyar ta fara tsayawa da ƙafarta. An samu ɗakin tacewa mai rufin kwano da kwalabe masu murfi, mata sun koyi narka kaki suna yin kyandir da man shafawa, maimakon watsar da shi a juji kamar da. Amma duk wannan a kan fure yake tsaye. In itatuwa suka tafi, kwalaben za su zauna wayam.

Shekaranjiya Mai Amya ya shiga daji, ya tarar da jan fenti, alamar masu katako, a jikin manyan itatuwan wani kwari da ba a cika zuwa ba. Har da maɗacinsa. Ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba, ya kasa cin abinci, sai jiya da yamma ya kira Auta ɗaki ya faɗa mata. Ta buɗe jakarta ta duba sanarwa, ta ce washegari ce ranar ƙarshe ta karɓar gyara.

Yana da shekara goma sha biyu mahaifinsa ya fara kai shi wurin. Ya tuna yadda suka fita kamar masu zuwa saran kara, suka yi gabas alhali kwarin yana yamma, suka zagaya har ƙafafunsa suka yi ciwo. Da suka isa, sai tsohon ya kama kunnensa ya manna shi a jikin itacen. Ciki yana ruri a hankali, kamar tukunya a kan wuta. Can sama akwai kogo, ƙudan zuma suna shiga suna fita, tun zamanin kakansa. Ranar ya koyi ɗaure damin ciyawa yadda zai yi hayaƙi ba harshen wuta ba, ya koyi barin saƙar da ke da 'ya'ya. A hanyar dawowa mahaifin ya ce masa ko uwarsa kada ya gaya wa, in ya yi aure ko matarsa. Haka kowane mai zuma yake yi a wancan lokacin. In aka tambaye ka ina ka samo, sai ka nuna wani gefe da haɓa, mai tambayar ma ya san ba can ba ne, ku yi dariya ku rabu.

Sai da rana ta take suka isa gari. Ofishin yana bayan tashar mota, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Mai Amya ya hau matakala yana dafa bango, gwiwarsa ta hagu tana ƙara a kowane taki. A saman akwai doguwar baranda da benci biyu, da fanka mai juyawa kamar an tilasta mata. A ƙarshen benci, cikin rigar da ba ya sawa sai da dalili, ga Kurege zaune.

Sa'ansa ne, kuma abokin hamayyarsa tun suna samari. Saurin hawan itace ya ja masa sunan. Shekara hamsin suna gasar wa ya fi wa zuma mai kauri, ba wanda ya taɓa yarda an fi shi.

"A'a, yau tsofaffi ne a gari," in ji Kurege. "Auta, asibiti kika kawo shi kuka ɓata hanya?"

"Ina wuni, Baffa," ta ce, ta ɗan rusuna.

"Kai me ya kawo ka?" Mai Amya ya tambaya yana zama a ɗaya bencin.

"Ido na zo a duba mini."

"A ofishin daji?"

"An ce likitan yana biyowa ta nan. Kai fa?"

"Rakiya na yi wa yarinya."

Auta ta girgiza kai, ta je ta rubuta suna a littafin bakin ƙofa. Tsofaffin biyu suka zauna suna kallon fanka. Wata mata mai damin tsintsiya ta shiga ta fito, wani mai sayar da ƙaro ya shiga ya daɗe. Daga ƙasa ana jin yaran mota suna kiran fasinja.

Da aka kira su, suka tarar da ma'aikaciya mai tabarau, ba za ta girmi Auta ba. A bangon bayanta an manna taswirar dajin, wani gefe kore, wani gefe ja. Ta miƙe ta jawo masa kujera.

"Sannu da hanya, Baba. Me ke tafe da ku?"

Ya zauna. Auta ce ta yi bayani, ba ta rage komai ba, har da busasshen itacen bakin hanya. Ma'aikaciyar ta cire tabarau ta murza ido.

"Kai ne na bakwai a wannan makon," ta ce. "Wani ma suri ya nuna wa abokin aikina. Baba, me ya sa? Mu fa don mu tsare muku muka zo."

"'Yata, ban taɓa ganin an tambayi mutum wurin zumarsa don a tsare masa ba."

Ta yi murmushi kaɗan, ta jawo takarda. Ta ce ana iya gyarawa, amma da sharaɗi biyu. Na farko, sai an samu mutum na biyu, ba ɗan gidansa ba, wanda ya san wurin kuma zai shaida an daɗe ana ɗiban zuma a can. Na biyu, duk abin da ya shiga taswira ya zama na ƙungiya. Za a manna kwafi a ɗakin tacewa, kowa ya gani, kuma ƙungiya tana iya jera akwatunan zumarta a kwarin. In an cika takarda yau, gobe za ta tura a duba, a goge fentin. In ba a cika ba, masu zarto za su shiga farkon wata.

Mai Amya ya dubi taswirar. Bai ga rafi ba, bai ga dutse ba, sai launi. Ya yi tunanin kwarin cike da fararen akwatuna, da mata masu raga a fuska suna hira da ƙarfi, da hanya da ƙafafu za su fitar inda shi da mahaifinsa ba su taɓa bari ciyawa ta kwanta ba.

"Ba a iya rubutawa a sa a aljihun tebur?" ya ce. "Ke kaɗai ki sani?"

"Abin da ke aljihun tebur ba ya hana zarto, Baba."

"To ai magana ta ƙare. Ba ni da shaida. Duk duniya ba wanda ya san wurin sai ni."

"Baba," in ji Auta, muryarta ta yi ƙasa, "akwatunanmu na gefen yamma, daga ina kake tsammani suke samun fure? Ba itacenka kaɗai za a sare ba."

Ya dafa tebur zai tashi, sai aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Kurege ne, ya leƙo da kai, hularsa a hannu.

"Malama, a gafarce ni. Ƙofar taku ba ta rufuwa sosai, kunnena kuma bai tsufa ba." Ya shigo ya tsaya bayan kujerar Mai Amya. "Maɗacin da tsawa ta tsage wa reshen arewa yake nufi. Mai kogo a sama, gaban dutse mai kama da turmi."

Mai Amya ya juyo a hankali.

"Bin sawuna ka yi."

"Sawunka? Kai da kake zagaye kamar ɓataccen akuya? Ƙudan na bi daga bakin ruwa, shekarar da aka haifi babban ɗana. Kai kana zuwa kafin ruwan farko, ni sai an gama girbi. Ban taɓa taɓa naka lokacin ba."

"Ɓarawo."

"Na ji. Turakun da ake takawa a hau, wa kake tsammani yake sake su in sun ruɓe?"

Mai Amya ya tuna. Sau da yawa ya tarar da sabon turke a inda ya bar ruɓaɓɓe, ya ce wa kansa shi ya sa ya manta. Wata shekara ma har ya yi addu'a ya tofa kafin ya taka.

"Na zaci mutanen ɓoye ne," ya ce.

"Ga su nan tsaye a bayanka, da ciwon baya."

Auta ta rufe baki da gefen mayafi. Ma'aikaciyar ta mai da tabarau, ta ɗauki biro, ta tambaya ko har yanzu su biyun suna ɗiban zuma a wurin, don takardar tana son a faɗi na bana.

"Ina ɗiba," in ji Mai Amya da sauri.

Kurege ya dubi ƙasa, ya juya hularsa sau biyu. "Malama, rubuta ni nake hawa. Shi shekara uku ke nan gwiwa ta hana shi. Yana zuwa dai. Ya shimfiɗa buhu a gindin, ya jingina kai da itacen, ya yi rabin yini yana saurare. Sau biyu na iske shi haka, na koma da baya don kada ya gan ni."

Auta ta dubi mahaifinta. Shekara uku yana dawowa da gora wayam yana cewa bana ƙudan sun yi rowa, ita kuma tana yarda. Ta sa hannu ta gyara masa wuyan riga, wanda bai karkace ba.

"Kai ma abin da ya kawo ka ke nan," Mai Amya ya ce wa Kurege, bai juya ba.

"A gari na kwana, tun safe nake kan bencin can. An ce sai da shaida. Na ce in zauna tukuna, wataƙila taurin kan wani ya yi laushi kafin a tashi."

"Da ban zo ba fa?"

"Da na je na ɗauko ka a baro."

Ma'aikaciyar ta duba agogon bango, ta ce saura awa ɗaya a rufe. Ta ce tunda ba za su gane taswira ba, ɗaya ya faɗi hanya daga bakin ƙauye, ɗaya ya saurara, ita ta rubuta don direban gobe. Ta sake tambaya ko sun yarda da sharaɗi na biyu.

Mai Amya ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, duk tabon harbi da na igiya.

"Akwatunan," ya ce wa Auta, "kada a sa su a gindinsa. A ja su can gefen rafi. Kuma ba a zuwa da turare."

"Na ji, Baba."

"A gaya wa matan nan su rage surutu."

"Wannan kam sai dai kai ka gaya musu."

Ya yi ajiyar zuciya, ya fara. Daga tsohuwar rijiya a bi hanyar shanu har inda ta ƙare. A gangara, a tsallaka rafi a inda duwatsu uku suke jere. A hau tudu, a wuce tsamiya biyu masu haɗe da kai. Muryarsa tana fita da ƙyar, kamar ana jan kalmomin da igiya, biro kuma yana binsa.

"Daga tsamiyar, sai a yi hannun hagu."

Biro ya rubuta. Kurege ya yi tari.

"Hagu, sa'ana?"

Ma'aikaciyar ta ɗaga biro, ta dube su ta saman tabarau. Mai Amya ya taɓa leɓensa da yatsa, kamar yana mamakin abin da ya fito daga ciki. Shi kansa bai san ya faɗa ba.

"Soke, 'yata," ya ce. "Hannun dama ne. In kin sake jin ya yi tari, ki tsaya ki tambaye ni."