Zaƙami a Gwangwanin Barkono

Ni dai hannuna ba ya zama. Duk hutun ƙarshen shekara sai na haɗa wa dangi katin gaisuwa da kaina. In jiƙa tsofaffin takardu a bokiti, in dama su, in shimfiɗa a kan rariya, in danna irin shuka a ciki kafin su bushe. Wanda ya samu ya karanta, ya binne katin a ƙasa, ya zuba ruwa. Bana barkono na zaɓa.

Ina sharar baranda da hantsi, maigidan da ya dawo daga tafiya ya fito daga ɗakin ajiya riƙe da jan gwangwani.

"Ke, ina abin da ke cikin nan?"

"Irin barkonon? Na yi kati da shi."

Ya zube a kan matakala. "Ba barkono ba ne. Zaƙami ne. Na tsinke shi a bayan katanga don kada yara su ci, na ce in na dawo in ƙone."

Shekara talatin ina fama da mutumin nan, ƙusa a gwangwanin shayi, maɓalli a na madara. Amma guba a gwangwanin da ya rubuta wa barkono da hannunsa? Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna inda katunan suka tafi. Katin da ya fi kyau jiya na kai wa autata, kuma a hannun ɗanta na danƙa shi, jikana ɗan wata tara da nake tsokana da angona. Haƙori yake fitarwa, ko takalmi ya samu sai ya kai baki.

Na kira ta sau uku, ba ta ɗaga ba.

"Buga wa sauran dangi!" na ce da maigidan, na fita a guje. Layi uku ne tsakaninmu, a bene hawa na uku take. Ban san gwiwoyina na iya gudu ba sai ranar.

Ta buɗe ƙofa hannunta duk kumfar wanki. "Mama, lafiya?"

Na ture ta na wuce. Ga angona zaune a kan tabarma yana mini dariya, ga katin a cinyarsa jiƙe sharkaf, gefe guda babu. Innalillahi! Na fizge, na ɗaga shi saitin taga. Bakwai nake sa wa kowane kati, ban taɓa ƙarawa ko ragewa ba. Na ƙirga biyar. Na sake, biyar dai. Na zura yatsa a bakinsa, ya tsandara ihu, na zaƙulo guda haɗe da takarda. Shida.

"Mama, me kike nema a bakin yarona?"

Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta saɓe shi muka sauka.

A asibiti likita ta haska idanunsa, ta taɓa goshinsa, ta tambaya ko ya yi amai, ko jikinsa ya ɗau zafi. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, duk numfashin da ya ja sai in ce shi ke nan an fara. Ta ce a tuɓe masa riga ta saurari zuciyarsa. Autata na ɗaga haɓarsa, sai ga abin nan manne a cikin ninkin wuyansa, 'yar ƙwaya mai launin ƙasa, cikon ta bakwai. Likitar ta ɗauke shi da auduga ta nuna mini.

"Shi ne?"

"Shi ne," na ce. Na zame na zauna a ƙasa, ban damu da masu kallo ba.

Da numfashina ya dawo na miƙe, na miƙa hannu biyu. "Kawo angona in lallashe shi."

Shi kam har ya miƙo nasa hannun. Autata ta juya kafaɗa, ta ƙara matse shi a ƙirji.

"Bari dai, Mama," ta ce a hankali. "Zan riƙe shi da kaina."