Labulen Ɗakin Maza

Sista Safiyyatu tana tsugune tana wanke wa Alhaji Attahiru ciwon ƙafarsa sai salati ya ɓarke a bayan labule.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wayyo Yaya! Ko sallama ba mu yi ba!"

Alhaji ya ɗago kai daga matashi. "Sista, wa ya rasu?"

"Ban sani ba, Baba. Daina motsa ƙafar."

Ya kasa kunne. "Wagga murya ta Ummu Kulthum ce, ƙanwata. Daga Konni ta taho dubiya." Ya ƙara saurarawa, sannan ya mayar da kai kan matashi. "Ashe ni ne."

Safiyyatu ta yaye labulen. Hajiya Ummu Kulthum na zaune dirshan a ƙasa, kwanon fura ya kife, waya na kunnenta. Ta dubi yayanta, shi ma ya dube ta.

"Kana nan?" in ji ta.

"Ina nan."

"To ai na riga na faɗa wa mutane."

Ba laifinta ba ne. A tsohon ɗakin maza labule ɗaya ne tal, kore mai taya, kuma ba a gunguro shi sai rai ya yi halinsa. Ƙarar tayarsa kaɗai ta isa a fara salati tun daga baranda. Duk Illela an san haka, har ƙetaren iyaka. Da aka tashi gina sabon ɗaki, mai zanen gini ya zo daga Sakkwato ya tara ma'aikata ya ce kowa ya faɗi abin da yake so. Wasu suka ce tagogi manya, wasu famfo kusa da gadaje, aka kuma sa teburin nas a tsakiya yadda daga zaune za ta hango kowa. Safiyyatu ce ta miƙe ta ce kowane gado a yi masa labulensa, don ta gaji da buɗe tsiraicin dattijo a gaban surukinsa. Har tafa mata aka yi ranar. Jiya aka tare a ɗakin.

Kafin hantsi ya dubi ludayi baranda ta cika. 'Yan layin atamfa sun rufe shaguna, wani malami ya iso da ɗalibansa, ga Mukhtar, babban ɗan Alhaji, ido jajur, da farin ƙyalle a hammata. Ya ga mahaifinsa zaune, ya rasa inda zai sa ƙyallen.

"Miƙo shi nan," in ji Alhaji. Ya murza gefen yadin da yatsu biyu, irin murzar wanda ya tsufa a kan sayar da yadi. "Duk shagona ka rasa abin da za ka yanko mini sai wanga?"

"Baba, sauri nake."

"Na gani." Ya ajiye likkafanin a gefen gado. "Ɗauko mota. Gida za ni."

Safiyyatu ta dubi ƙafar. Ciwon suga ya ci ƙafar nan sosai, kuma likita ya faɗa ƙarara: in ya zauna ana wanki ana allura, da yardar Allah za a cece ta, in ya koma gida, sai dai ya dawo a yanke.

"Baba, labule ne kawai. Don sutura aka yi shi."

"'Yata, na yi jinyar mutum nawa a asibitinga. Duk wanda anka ja wa labule, a kafaɗa ya fita. Ku kun ja mini tun da raina. Mi kuke jira kuma?"

"Ƙafarka fa?"

"Gara in tafi lahira da ƙafa ɗaya a kan lokacina."

Mukhtar ya riga ya fara naɗe tabarma. Haushi ya kama Safiyyatu, haushin Alhaji, da na mai zanen gini, da na bakinta da ya yi magana ranar taro. Ta miƙe ta nufi gado na farko ta ja labule, ƙiii. Ta ja na biyu. Ta bi ɗakin kaf, hagu da dama, har babu gadon da ake gani.

"To," ta ce, tana haki, "yau dai kowa ya mutu. Hajiya, zo ki ɗaga wanda kika ga dama."

Hajiya Ummu Kulthum ta matso da addu'a a bakinta, ta ɗaga na kusa. Wani mai karaya ne yana cin ƙosai. Ya ce, "Bismillah." Na gaba yana laluben tasha a rediyo. Na ukun ya ce don Allah a sakar masa abinsa, bai taɓa samun ɗaki nasa shi kaɗai ba tun da aka haife shi. Wani ya fara dariya a baranda, sai ta bazu.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon layin labulen.

"In za a ja nawa, a ja na kowa," ya ce. "Ba ni zama ni kaɗai a ciki."

"Na yarda."

"Mukhtar, mayar da tabarma. Wanga yadi kuma ka kai shago, a sayar wa wanda bai san kaya ba."

Haka aka wuni. Daga teburin tsakiya Safiyyatu ba ta hango kowa sai shuɗin labule, sai dai ta tashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunta har zafi suke. Ba ta damu ba, ƙafar Alhaji na nan kan gado. Masu dubiya kuwa sun samu abin wasa. In mutum ya shigo ya tsaya turus, sai a ce masa, "Shiga, mamacinka na shan kunu."

Bayan la'asar ta leƙa gadon ƙarshe, na Malam Idi, wani tsohon manomi daga Garu wanda likita ya ce sai dai addu'a. Ta taɓa wuyansa. Ta sake taɓawa, ta daɗe. Sannan ta rufe masa ido, ta gyara masa mayafi, hannunta ya kai ga labule da kansa, ya tarar a jaye yake.

Ta fito. Zuwaira, matar Malam Idi, tana zaune a kan tabarma dab da labulen, ita da Hajiya Ummu Kulthum, suna ɓare gyaɗa. Hajiya na ba ta labarin safiya, Zuwaira na dariya har tana share ido da gefen gyale. A nan Safiyyatu ta lura cewa duk tsawon aikinta ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan magana da bakinta ba. Tayar tsohon labule ce ke faɗa.

"Inna," ta ce.

Zuwaira ta ɗago, da sauran dariya a fuskarta. "Sista, ya samu barci ko? Bar masa labulen, tun da munka zo bai huta haka ba." Ta miƙo mata gyaɗa a tafin hannu.

Safiyyatu ta tsuguna a gabanta, ta riƙe hannun da gyaɗar a ciki.