Madubin da Ba a Rufe Ba

Ranar da aka dawo daga binne Bobe Taibe, ba wanda ya sa Dafna aiki. Ita da kanta ta kwaso zannuwan gado ta bi gidan kakar tata ɗaki-ɗaki tana rufe madubai, kamar yadda Yahudawa ke yi a kwanakin makoki. Ta rufe na falo, ta rufe na banɗaki, har da na jikin sif. 'Yan gaisuwa suna ta sa mata albarka: jika ke nan, ta san al'ada.

Al'ada ina! Sauƙi Dafna ta samu. Tun kafin sanyi ya shigo Buenos Aires wani miki ya fito mata a gefen harshe, fari-fari, mai tauri, ba ya zafi sosai, ba ya kuma warkewa. Kullum da safe sai ta leƙa shi a madubi, kullum yana nan. Yanzu ga mako guda da addini da kansa ya hana ta dubawa.

Kuma ta san abin da irin mikin nan kan zama. Ta yaya jikar Taibe za ta rasa sani? Matar da ta ƙare ƙuruciyarta da tsufanta tana wankin haƙora a wani asibitin haƙori na unguwar Villa Crespo, har ake cewa rabin bakunan unguwar sun bi ta hannunta. Ba likita ba ce, amma in ta gama kankare maka dattin haƙori sai ta kama harshenka da auduga ta juya shi hagu da dama. "Duk mikin da ya wuce sati biyu, a nuna shi," haka take faɗa wa kowa, har mai sayar mata da kifi.

Ran Juma'a kuwa, kafin a kunna kyandir ɗin maraba da Asabar, ranar hutun Yahudawa, jikoki sai sun yi layi a bakin taga. Ta zaro ɗan madubinta na aiki, mai dogon mariƙi da kai kamar kwabo, ta dunƙule shi a tafin hannu har ya yi ɗumi don kada sanyin ƙarfe ya firgita yaro.

"Buɗe, 'yar ɓerana. Kai! Waye ya ba ki alewa? Faɗi sunansa in je in cire masa haƙori."

Wannan matar ce ciwon daji ya cinye. Wadda ta leƙa bakin duniya, ita ta ɓoye ƙullutu a ƙirjinta har ya gama gina gida. Abin da ke cin Mirta ke nan, uwar Dafna, tana zaune a 'yar gajeriyar kujerar makoki, ƙafa ba takalmi, wuyan riga a yage bisa al'adar makoki. Ba ta kuka. Fushi take yi da gawa.

Washegari da safe sanyi ya dami Dafna, ta ɗauki rigar sanyin Bobe da ke rataye bayan ƙofa ta saka. Ƙamshin kanumfari ya buge ta. Ta cusa hannu a aljihu, sai ta taɓa ƙarfe. Ɗan madubin ne. Duk zannuwan da ta rataya, ga madubi guda ya tsere mata.

Kuma da ɗumi yake. Rigar ta yi makonni a rataye, gidan kamar cikin randa, amma ƙarfen nan ɗumi gare shi kamar yanzu aka sake shi daga hannu.

Gabanta ya faɗi. Ta jefa shi a aljihun teburin kicin ta tura da gwiwa.

Da rana ta je ɗauko cokali, ta tarar da shi tsaye cikin gwangwanin cokula, fuskarsa tana kallonta.

"Doña Jaike, ke kika sa wannan a nan?"

Jaike ƙawar Bobe ce tun suna 'yan mata, ita ta kama kicin ɗin tun ranar rasuwa tana dafa ƙwai tana ba kowa umarni. Ta matso da abin dab da hancinta.

"Yo na sani? Ni da idon nan duk abin da ke da mariƙi cokali ne. Karɓi mate, kin bushe kamar kifin gishiri."

Ta miƙo ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasar, yana tururi, da bututun ƙarfensa na zuƙa. Dafna ta girgiza kai.

"Ke? Ke da kike kwana da ƙoƙo a hannu? Ko ciki ne da ke, a faɗa mana mu yi murna?"

"Haba, Doña Jaike."

"To ki ci ƙwai. Kuma ki daina tauna da gefe ɗaya kamar akuya."

Dafna ta fice zuwa baranda ta kunna sigari, ta zuƙa sau ɗaya, ya ƙona mata mikin, ta kashe. Maganar tsohuwar ta tuno mata da asibiti. Ranar ƙarshe da Bobe ta yi magana da hankalinta, Dafna ta shiga da takunkumin fuska. Bobe ta yi ƙashi da fata, amma idon nan yana nan yadda yake. Ta saurari jikarta tana ba ta labarin banza na wurin aiki, sannan ta ɗaga yatsa.

"Harshenki ya yi nauyi. Cire tsumman nan in gani."

"Nas ta hana, Bobe."

"Nas ta ci gidansu. Buɗe."

Dafna ta yi dariya ta sumbaci goshinta ta cikin takunkumin, ta ce sai gobe. Da goben ta zo, Bobe ba ta ƙara buɗe ido ba.

Tun daga ranar da madubin ya fito, gidan ya ƙi ta. In maza sun taru yin addu'ar mamaci, tsakanin amin da amin sai ta ji kamar an ce "buɗe" dab da kunnenta. Ta naɗe madubin a tawul ta tura ƙarƙashin katifa, da safe ta same shi a aljihun rigar sanyin da ke jikinta. Wataƙila ita ta mayar da shi cikin magagi. Ta faɗa wa kanta haka, ba ta kuma yarda ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba na kakarta ba. Bobe ba ta taɓa ba ta tsoro ba tana raye, balle yanzu.

Ana saura kaɗan a tashi daga makoki, da hantsi, 'yan gaisuwa suka yi sauƙi. Daga Mirta sai Dafna a falo, Jaike tana ƙwaranniya da tukwane. Sai kawai Mirta ta fashe.

"Kullum ina gidan nan! Ni ke kai ta kasuwa, ni ke wanke mata kai. Da ta ɗaga riga sau ɗaya ta ce Mirta duba nan, da yanzu tana kicin tana zagin Jaike. Wai ba ta so ta ɗaga mini hankali. To ga shi, ya kwanta!" Ta bugi ƙirjinta. "Ba zan yafe mata ba. Ina sonta kamar raina, kuma ba zan yafe mata ba."

Dafna ta ji ƙarfen yana ɗumama mata cinya ta cikin aljihu. Ta tashi, ta ja labulen taga haske ya shigo. Ta durƙusa gaban uwarta ta miƙa mata shi.

"Mama."

"Madubi? A makon nan? Kin yi hauka?"

"Ba fuskarki za ki duba ba."

Ta buɗe baki.

Hannun Mirta sanyi ƙalau da ya kama haɓarta, yatsun kamar an tsamo su daga ruwan ƙanƙara. Amma da madubin ya taɓa cikin kuncinta, ɗumi ta ji. Dafna ta rufe ido, hawaye suna gangarowa cikin kunnenta. Mirta ta daɗe tana dubawa. 'Yar Taibe ce ita ma, a layin tagar nan ta girma.

"Tun yaushe?"

Dafna ta share hawaye da bayan hannu.

"Bobe ta gani?"

"Ta ce in buɗe. Na ƙi."

Mirta ta ajiye madubin a kan tebur a hankali. Ta miƙe daga kujerar da ba ta bari ba tun ranar jana'iza, ta shiga ɗaki. Da ta fito, takalmi ne a ƙafarta da jaka a kafaɗa.

Jaike ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Mirta! Ina za ki? Makokin bai cika ba. Me mutane za su ce?"

"Uwata ta mutu, Jaike, ba inda za ta. Ki zauna a kujerar ki karɓi gaisuwar."

Ta kama wuyan hannun Dafna da ƙarfi, kamar yadda take kama shi in za su tsallaka titi tana ƙarama, ta buɗe ƙofa. Tsohuwar ta bi su da kallo, sannan ta lalubi tebur ta ɗauki abin da aka bari don ta mayar cikin cokula. Suna kan matakala Dafna ta jiyo muryarta.

"Wa ya riƙe wannan ne haka? Har yanzu da ɗuminsa."